A Duba Sawu Kafin a Zuba Guba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafinku na noma in yi magana kan ɓeraye, tunda noman rani ya kankama, masu tallar maganin ɓera kuma sun cika kasuwanni.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke zuba guba ba mu san mai ɓarnar ba. Da manomi ya ga an datse masa shinkafa, sai ya kwaɓa magani da dusa ya watsa a gefen gona. Washegari a tsinci jaɓa da bushiya a mace, alhali su ƙwari ne yawancin abincinsu. Mujiya da kyanwa su ci ɓeran da ya sha guba, su ma su bi shi. Masu rage mana ɓera kyauta ke nan muka hallaka da kuɗinmu.

Ana iya gane mai shiga gona ba tare da an kama shi ba. Masu bincike a Jami'ar Noma ta Sokoine da ke Morogoro, a Tanzaniya, sukan turara tayil da hayaƙin fitilar kananzir har ya yi baƙi ƙirin, su jera a gona da yamma. Da safe sawun duk abin da ya taka yana nan raɗau, yawan sawun kuma shi ke nuna ko ɓarnar na ƙaruwa. Wanda ba shi da tayil, toka ta ishe shi: a tankaɗe ta da rariya, a baza a bakin rami ko gindin rumbu, a sa ɗan ƙuli-ƙuli a tsakiya. Sawun gafiya babba ne, ba ya ɓuya, wani lokaci har da jan wutsiya. Na kusu kuwa sai ka sunkuya. Haka ramuka: a toshe su da ƙasa da magariba, wanda aka tarar a buɗe da asuba shi ne mai rai. Kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta idan ta ji motsi tana da kyau, amma ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu.

Akwai kuma batun lafiya. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma ta fitsarinsa da kashinsa take yaɗuwa. Raina yana ɓaci idan na ga yara suna tona rami da hannu, ko suna cinna wa daji wuta don farautar gafiya.

Ina kira ga malaman gona na jihohinmu su koyar da duba sawu a gonakin gwaji, ku kuma ku buga hotunan sawun ɓera, jaɓa, gafiya da kurege a shafi guda, yadda manomi zai yanka ya ajiye.

Naku,
Wani manomin rani,
Kura, Jihar Kano