Muna biyan kuɗin rajistar fili, amma safiyo ɗaya ne kuma ba shi da mota

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina rubuto maka ne daga wani ƙauyen Hausawa a gaɓar kogin Nilul Azraƙ, a ƙasar Sudan. Ka yi mini afuwa idan Larabci ya riƙa leƙowa cikin Hausata, haka bakinmu ya koma a nan. Abin da ya kawo ni shi ne halin da ofisoshin rajistar filaye suke ciki, waɗanda muke kira tasjilat.

Mahaifinmu ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Ya bar gida a cikin gari da gonar bakin kogi fadan uku (fadan ɗaya ya ɗan ɗara eka ɗaya), irin wadda ake ce wa jarf. Mu bakwai ne, kuma ko musu ba a yi ba wajen rabo. Takardar gado ta fito daga kotu cikin mako biyu. Sai muka ɗauka abin da ya rage shi ne a sauya suna a littafi, tunda gidan har yanzu sunan kakanmu yake ɗauke da shi. Yau wata tara ke nan.

Ba zan ambaci ofishin ba, don ba tonon asirin kowa na zo yi ba. Taga uku gare shi, amma ɗaya ake buɗewa. Magatakardan da ke bayanta dattijo ne, furfura ta gama kansa. Shi ke karɓar takarda, shi ke tashi ya shiga ɗakin ajiya ya ɗauko littafi, shi ke dawowa ya buga hatimi. Na ga littafin unguwarmu da idona: an ɗaure shi da igiya, gefen shafukan ya zube kamar busasshen ganye, sai da ya sa tafin hannu biyu kafin ya juya shafin da sunan kakana yake. Akwai kwamfuta a kan teburinsa, an lulluɓe ta da tsumma. Ranar da akwai wuta babu shabaka, wato intanet, ranar da shabaka ta zo janareta ba shi da mai. Da na yi masa ƙorafi, bai yi fushi ba. Ya nuna mini kujeru biyu da babu kowa a kansu, ya ce ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ya tafi Masar da iyalinsa tun farkon yaƙi, kuma ba a kawo kowa ba.

Kada mai karatu ya zaci aikin kyauta ake yi mana. Mun biya kuɗin shahadat bahas, wato takardar da ke nuna sunan wa ke kan fili da ko akwai jingina a kansa. Mun biya na damga, wato kuɗin hatimi, mun biya na awo, kowanne da rasit ɗinsa. Kafin safiyo ya samu zuwa aka ce shahadar ta tsufa, a ciro sabuwa, muka sake biya. Wannan ban da kuɗin mota, da na mai rubuta arzahal, wato takardar roƙo, da ke zaune a gindin bishiya ƙofar ofis, da yinin da mutum ya bar gonarsa.

Maganar safiyon nan ita ta fi ci mini rai. Rajista a Sudan tana ƙarƙashin hukumar shari'a, awo kuma yana hannun ma'aikatar jiha, don haka fayil ɗinka kai za ka riƙa saɓa shi daga wannan gini zuwa wancan. Mai awo ɗaya ne ke bin ƙauyuka da dama. Ba shi da motar aiki. In kana so ya zo, kai za ka yi hayar mota ka zuba mai, ka ɗauko shi ka mayar. Mai hali ya yi haka cikin mako guda ya karɓi taswirarsa. Bazawarar da na haɗu da ita sau uku a layi, da jakar ledarta a hammata, ba ta da wannan halin. Ga shi kuma jami'ar Khartoum ta daɗe tana yaye injiniyoyin awo, wasunsu suna tuƙin raksha, wato babur mai ƙafa uku. To kuɗin rasit ɗinmu ina yake shiga, da har ya kasa ɗaukar mutum biyu aiki ya sayi babur?

Wani zai ce ƙasa tana cikin yaƙi tun 15 ga Afrilun 2023, wa ke ta takardar fili? Ai yaƙin ne ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Birnin Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, sojoji ba su karɓe shi ba sai Janairun 2025. Mutane sun gudu da kayan jikinsu, sun dawo sun tarar an wawashe akwatunan da takardunsu suke ciki. Wanda takardarsa ta salwanta ba shi da shaida sai littafin nan mai igiya. In gara ta ci shi ko wuta ta lashe, shi ke nan, masu takardun jabu sun samu kasuwa.

Mu Hausawa kuma abin ya fi shafar mu. Dokar rajistar filaye ta 1925 ce, tun zamanin Ingilishi, kuma aikinta ya fi tsayawa a birane da wasu yankunan bakin kogi. A 1970, zamanin Numairi, aka yi dokar da ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne, kuma dokar mu'amalar jama'a ta 1984 ba ta kawar da wannan tushe ba. Gonarmu ta jarf a nan ta faɗa: shekara da shekaru muna noma ta, amma ba ta cikin kowane littafi. Kakanninmu sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma hanyar hajji ta ajiye su. Sama da shekara ɗari, amma da zarar gardamar fili ta tashi sai a fara tambayar daga ina ka zo. Wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a garuruwan Damazin da Rusairis a Yulin 2022 ya san inda irin wannan tambaya take kai mutane.

Roƙona ga hukuma shi ne a bar wa kowane ofishi wani kaso na abin da yake tarawa, don mai da takarda da sababbin ma'aikata, a kuma liƙa farashin kowane aiki a bango da manyan baƙaƙe. A ɗauki hoton tsofaffin littattafan nan shafi-shafi a ajiye kwafi a wani birni daban. Sannan bayan girbi a turo masu awo su zauna a ƙauye kwana uku su gama da kowa lokaci ɗaya. Masauki da abinci mun ɗauke musu, mun riga mun yi maganar da mai gari.

An ce mu koma ranar Lahadi mai zuwa, in shabaka ta dawo. Zuwa na goma sha ɗaya ke nan, kuma ƙanena ne zai je, don ni ban ruwan albasa ya kama ni.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku,
daga gaɓar Nilul Azraƙ, Sudan.