Kafin mai Linux ya sayi na'urar kama talabijin a Kano

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi bayani kan wata 'yar na'ura da ke cinye kuɗin matasa a kasuwannin Kano. Ita ce na'urar kama tashoshin talabijin da ake sokawa a kafar USB ta kwamfuta, wadda 'yan kasuwa ke kira TV sitik. Masu nemanta suna da hujja, domin laftof tana riƙe caji bayan an ɗauke wuta, kuma kallo ta eriya ba ya cin data. Matsalar tana kan wanda kwamfutarsa ke aiki da Linux, wato babbar manhajar da ake sakawa a madadin Windows, ko nau'in Ubuntu ce ko Mint ko Debian. Faifan da ke cikin kwalin na Windows ne, mai shagon ma da Windows ya san ta. Idan ya ce maka “tana yi a kowace kwamfuta”, ba lallai yaudara yake nufi ba, iyakar saninsa ke nan.

Kafin a zo kan Linux, a fara duba tsarin watsa shirye-shirye. Nijeriya ta zaɓi DVB-T2 don talabijin na dijital da ake kamawa da eriya. An fara shi a Jos a 2016, aka ƙaddamar da na Kano a watan Nuwamba na 2021. Kayan gwanjo da ke shigowa daga Amurka da Kanada na tsarin ATSC ne, na Japan da Birazil ISDB-T ne, waɗanda aka yi don kasuwar cikin gida ta Sin kuma DTMB ne. Babu ɗaya daga cikinsu da zai kama komai a nan, duk kyawun eriyarka. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne mai DVB-T kawai, babu lamba 2 a ƙarshe. Na'urar T2 tana karanta tsohon tsarin, amma tsohuwa ba ta karanta sabo, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan, domin a jikin aisi abin yake, wato ɗan guntun lantarkin da ke cikin na'urar. 'Yan sitik masu araha da ke ɗauke da aisin RTL2832U duk a wannan sahu suke. Suna da kyau wajen sauraron rediyon FM da gwaje-gwajen ɗaliban lantarki, amma ba su ne na talabijin ɗinmu ba.

Abu na biyu yana da ɗaci, gara mu faɗe shi tun yanzu. GOtv da StarTimes a kulle suke watsa tashoshinsu. Na'urar za ta iya gano sunayen tashoshin har ta jera maka su, kana dannawa sai baƙin allo. Ba lalacewa ta yi ba, mabuɗin yana cikin dikodar kamfanin. Haka duk tashar da sai an biya an kunna dikoda kafin ta buɗe. Abin da sitik zai ba ka shi ne tashar da aka saki kyauta ba kulle. Tashar da ke kan tsohon tsarin analog kuwa sai na'urar da aka rubuta PAL a jikinta, kuma yawancin sitik na T2 ba su da shi. Saboda haka ka fara tambayar maƙwabcin da ke da talabijin mai T2 a ciki, ka ji tashoshi nawa yake kamawa ba dikoda a unguwarku. Idan kaɗan ne ƙwarai, kada ka kashe kuɗinka a nan.

Yanzu ga gundarin maganar. Linux ba ruwanta da sunan da ke kan kwali, aisin da ke ciki take dubawa. Kamfani yana iya canza aisi ya bar suna da kwali kusan yadda suke. MyGica T230 da T230C sun yi kama a ido, amma kayan cikinsu sun bambanta, fayilolin da suke buƙata ma daban ne. WinTV-dualHD na kamfanin Hauppauge iri biyu ne, na Turai mai DVB-T2 da na Amurka mai ATSC. Shi ya sa saye da suna kaɗai cinikin biri a sama ne.

Waɗanda direbansu, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'urar, ya daɗe a cikin kanel, wato zuciyar Linux, su ne abin nema. PCTV 292e da Hauppauge soloHD da dualHD na Turai suna amfani da aisin Si2168 da Si2157, kuma 292e yana aiki tun kanel 3.16 na 2014. Sitik ɗin da Microsoft ya yi wa Xbox One a Turai shi ma T2 ne, yana aiki daga kanel 4.16. Akwai Astrometa mai araha, amma da sharaɗi: tana bayyana wa kwamfuta da fuska biyu, ta farko, frontend0, DVB-T ce kawai, T2 yana kan frontend1. Mutane da yawa suna bincike a ta farkon, su ga babu tasha, su yanke hukuncin cewa jabu aka sayar musu. A ra'ayinmu, mai hali ya nemi mai Si2168 ya huta.

Gwajin ba ya wuce minti biyar, kuma a shagon ya kamata a yi shi, ko a Farm Centre ne ko titin Beirut ko Sabon Gari. Ka je da laftof ɗinka. Ka soka na'urar, ka buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta lsusb. Za ka ga lamba kashi biyu da ɗigo biyu a tsakani, kamar 2013:025f ta PCTV 292e ko 045e:02d5 ta Xbox. Wannan lambar ita za ka nema a jerin na'urori na shafin intanet na LinuxTV. Sai ka rubuta sudo dmesg ka karanta layukan ƙarshe, sannan ls /dev/dvb. Idan adapter0 ya fito, kanel ya gane ta. Idan bai fito ba, ka cire ka miƙa wa mai shago kayansa.

Wani lokaci adapter0 zai fito amma tasha ta ƙi zuwa, dmesg kuma ya nuna ya nemi wani fayil bai samu ba. Wannan ɗan fayil, famwaya, shi ake loda wa aisin duk lokacin da aka fara amfani da ita, kuma sau da yawa ba ya zuwa tare da Linux saboda sharuɗɗan lasisi. Si2168 samfurin B40 yana neman dvb-demod-si2168-b40-01.fw, na Xbox kuma yana neman dvb-demod-mn88472-02.fw. A sauke fayil mai daidai sunan da dmesg ya ambata, a saka shi a /lib/firmware, a cire na'urar a sake sokawa. Daga nan Kaffeine, wata manhajar kallon talabijin, ya fi sauƙi wajen binciken tashoshi. A saita faɗin tasha a 8 MHz, a bincika UHF daga 470 MHz zuwa sama. Mai son gida duka su kalla ta waya sai ya ɗora Tvheadend, manhajar da ke raba tashoshin ga sauran na'urorin gida, wanda ake shiga ta burauza da adireshin kwamfutar haɗe da lamba 9981.

Masu dish kuma DVB-S2 za su nema, kuma a gaskiya nan ne tashoshin kyauta suka fi yawa. A lura cewa kan dish, wato LNB, yana buƙatar volt 13 ko 18, alhali USB volt 5 yake bayarwa, don haka akwatin kirki yana zuwa da adaftarsa. Idan gwanjo ne babu adafta, a tabbatar za a samu mai daidai ƙarfinsa kafin a biya. DVBSky S960 yana da direba a cikin kanel. Wasu akwatunan TBS suna da inganci, sai dai direbansu daga kamfanin ake ɗaukowa a harhaɗa da hannu, kuma duk sanda aka sabunta kanel sai an maimaita aikin. Sabon shiga ya kauce musu.

'Yar eriyar da ke cikin kwali, mai tsawon ɗan yatsa ko fiye kaɗan, ba ta isa komai a cikin ɗaki mai rufin kwano ba. A kafa eriyar UHF a waje, a juya ta wajen tashar, a ja wayar RG6 gajeriya iya yadda zai yiwu. A duba bakin sitik ɗin tun a shago, wasu ƙaramin baki ne na MCX da ke buƙatar mahaɗi kafin wayar eriya ta shiga. Sitik yana zafi ko a ɗaki mai sanyi, balle a bazarar Kano da zafi ke haura digiri 40. Idan hoto ya fara yankewa bayan rabin awa, a sa 'yar gajeriyar wayar USB a nisanta shi daga inda laftof ke fitar da iska mai zafi. Kada a haɗa shi da wasu kaya a mahaɗin USB marar wutar kansa, domin kafar USB 2.0 miliamfiya 500 kawai take bayarwa.

Wanda kuma burinsa ya kalli dikodar da ya riga ya biya a allon laftof, ba sitik ɗin kama tasha yake buƙata ba. Ya nemi katin ɗaukar hoto na HDMI mai bin tsarin UVC, wanda Linux ke gani kamar kyamara ba tare da wani direba ba, ya buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC. Idan allon ya yi baƙi, wataƙila dikodar tana da kariyar hana kwafar hoto ta HDCP ne, sai a koma ta wayar AV mai jan baki da fari da rawaya, da katin ɗaukar hoto irin nata.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu gyaran kwamfuta a birnin Kano