Masu son buɗe situdiyo a ɗaki, ku daina sayen laftof saboda sitika

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ban ɗan fili in yi magana da ƙannena na nan Sakkwato da sunka ɗauri aniyar haɗa waƙa a ɗakunansu, masu bege ne ko masu waƙar biki ko masu tallan 'yan siyasa, don kusan kullum sai wani ya turo min hoton laftof a WhatsApp yana tambaya wai yaya wagga za ta ja FL Studio, manhajar haɗa waƙa? Kuma sau da yawa ya riga ya biya kafin ya tambaya.

Abin da ke cinye kuɗin yaran nan sitikar Core i7 ce, wato sunan firosesa, injin da ke tafiyar da kwamfuta, da ke manne gefen kibod. Mai shago ya nuna ta ya ce ai i7 ce babu kamarta, yaro ya zaro kuɗin da ya daɗe yana adashi ya miƙa, alhali lambar da ke biye da ita ce ke faɗin shekarun injin. In ka ga i7-3520M to zubi na 3 ne, tun 2012, ƙwaƙwalwa 2 gare ta. Ita kuwa i5-8250U da ake rainawa zubi na 8 ce, ta fito 2017, ƙwaƙwalwa 4 gare ta, kuma a aikin waƙa inda ka jera murya goma da kiɗa da amshi ko wanne da nashi ifet, wallahi i5 ɗin ce za ta kai ka gida. Ga kuma wani dalili, Microsoft ta daina tallafin Windows 10 a watan Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na 8 ya fara karɓa.

Haka masu son sabuwa dal cikin kwali, su ɗauko mai ƙaramin firosesa Celeron da RAM 4GB (RAM ita ce wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai), kyakkyawa siririya, ta yi kallon fim da buga takarda amma kana buɗe fiyano biyu ta hau kakarewa. Ni dai da kuɗi ɗaya gara tokumbo irin wadda ma'aikatun Turai sunka yi aiki da ita, ThinkPad T480 ko HP EliteBook 840 G5 ko Dell Latitude 5490, suna da ƙwari kuma ana buɗe bayansu a ƙara RAM. Ka fara da 8 in aljihu bai kai ba, in an biya ka kuɗin wani aiki ka kai ta 16. Ma'ajiya kuma SSD, irin mai sauri, ko 256GB ce, kada ka yarda a ruɗe ka da HDD mai 1TB, yana da nawa kuma juyawa yake yi yana ɗan kuka. Katin hoto na masu gem kuwa ba ruwan waƙa da shi, kuɗin banza ne.

To sai abin da 'yan YouTube na Ingila ba za su gaya maka ba don ba su san Afrilun Sakkwato ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma lokacin ɗaukar murya dole ka kashe fankar ɗaki ka rufe taga don makirfo ba ya barin komai, ɗakin ga soso a bango, mawaƙi na zufa kai kana zufa. Laftof in ta ji wuta da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, nan za ka ji sauti ya fara tsattsagewa kamar ana taka busasshen kara, fankar cikinta kuma ta tada ƙara har ta shiga cikin waƙar. Ƙurar hunturu ce ke toshe mata hanyar iska, shi ya sa duk wadda ka saya kai ta wajen mai gyara ya buɗe ya kakkaɓe ya sake man da ke kan firosesa, kuma kada ka aza ta kan katifa ko darduma, ɗaga bayanta iska ya ratsa.

Batiri ma ba don ɗauke wuta kaɗai ba ne. In kana kan janareta da caja a jone sau da yawa wani zuuu na biyo waya ya shiga rikodin, ka zare caja sai ka ji tsit. Kenan laftof da ba ta riƙe awa biyu da kanta matsala ce ko injinta ya kai ina.

Kuma don Allah kada kuɗin duka su ƙare kan kwamfuta. Ramin iyafis na jikinta ba a ɗaukar murya da shi, sai ka nemi sawun kad na USB, ɗan akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta, Behringer UM2 in abin ya yi ƙaranci, Focusrite Scarlett in da hali, mai ba makirfon kondensa wutar 48V da yake buƙata. Da sawun kad ɗin ne kuma mawaƙi zai daina jin muryarshi na dawo mai a makare cikin hedfon, ka sa direban sauti na ASIO, a saitin manhajarka ka sauke bafa (buffer size) zuwa 128 ko 256 lokacin ɗauka, in an zo haɗawa ka ɗaga ta 512 ko sama. Laftof mai matsakaicin ƙarfi da makirfo na kirki ta fi mai tsada da makirfon kasuwa daɗin saurare, nesa ba kusa ba.

Manhajar sata da ake loda muku a shago ita ma tana zuwa da bairos, gara manhajar ɗaukar sauti irin Audacity da ke kyauta, ko Reaper da ke ba da gwajin kwana 60 kuma lasisinshi dala 60. Masu tambayar MacBook Air M1, e tana da kyau kuma ba ta da fanka sam, sai dai RAM ɗinta a liƙe yake ba a ƙarawa, gyaranta kuma sai wane da wane.

Ranar saye ka tafi da filas ɗinka da wani aiki mai nauyi a ciki, ka zare caja, ka kunna shi a shagon na kamar minti 20 hannunka na kan ƙasanta, ka gwada ko wane ramin USB, ka buɗe Settings ka karanta lambar firosesa da idonka. In mai shago ya ce ba a gwadawa, ka ce mai Allah ya ba da kasuwa ka leƙa shago na gaba.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai ƙaramin situdiyo, Mabera, Sakkwato