Barka da Sallah daga cikin duwatsun Sikotilan

Assalamu alaikum Inna, da Baba, da dukan mutanen gida. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana.

Inna, yau tun asuba zuciyata tana tsakar gidanmu. Na duba agogo na ce yanzu an sauko daga idi, Baba ya tuɓe babbar riga ya naɗe hannun 'yar ciki, yara sun kewaye ramin da aka haƙa a gindin darbejiya. Ni kuwa ina zaune a ƙofar mota da kofin shayi, sanye da rigar sanyi a watan Yuni, ba mai ce mini barka sai baban yara.

Bari in gaya muku inda muke. Hutun aikinmu ne ya faɗo daidai da Sallah, muka ɗauki hayar irin motar nan mai ɗaki a ciki. Akwai gado a saman kan direba, da rishon gas mai kai biyu, da ɗan firji, da makewayi wanda in kin shiga sai kin karkace kafin ƙofa ta rufu. Ruwa a tanki yake, ana awonsa kamar lokacin da famfo ya ɗauke a unguwa. Yau kwananmu 9 a hanyar da ta kewaye arewacin Sikotilan a nan Birtaniya, mil 516, ta tashi daga birnin Inbanes ta dawo gare shi. Kusan a ce mutum ya je Abuja daga Kano ya komo. A wurare da yawa titin mota ɗaya yake ɗauka, an yi masa 'yan aljihuna a gefe. In kun haɗu da wani, wanda ya fi kusa da aljihu ya raɓe, ɗayan ya ɗaga masa hannu ya wuce. Ban ji hon ba ko sau ɗaya.

Ƙauyen da muka kwana sunansa Afilkuros, teku a gaba, dutse a baya. Akwai wata hanya da ta hau dutsen har mita 626, sunanta da harshen mutanen nan na asali yana nufin mashigar shanu, burtali ke nan, don ta nan makiyayansu suke koro shanu zuwa kasuwa a da. An kafa allo cewa manyan motoci kada su hau, sai muka zagaya ta bakin teku. Shanunsu kuwa Baba zai so ya gani: jajaye, ba tozo, gashi ya rufe musu ido.

Amma tumaki, Inna! Ko'ina tumaki, a kan titi, a bakin kabari, a ƙarƙashin motarmu da safe, kowacce da ɗigon fenti a baya don a san mai ita. Sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba. Muna wuce kufai na gidajen dutse, wani dattijo ya ce mana shekaru 200 da suka wuce masu ƙasa suka tashi kakanninsu don a sa tumaki a gonakinsu, da yawa suka haye teku zuwa Kanada. Na daɗe ina kallon wani murhu da ciyawa ta cinye. Ga raguna dai har ido ya gaji, amma nan ba ka kayar da dabbar layya a bayan gida, sai a mayanka mai lasisi. Shi ya sa muka aiko kuɗin layyar. Masallaci mafi kusa a hanya yana Inbanes, tafiyar fiye da awa biyu, don haka a kan ciyawa muka shimfiɗa dadduma.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne suyar nan taku. Ba naman ba kawai, ai na sayo na halal a Gilasgo yana firji. Wannan da kuke fara narka kitse a babbar tukunya, ku tsane naman da aka tafasa da albasa da citta, ku zuba, ƙamshi ya kai har zaure. Da hanjin da Gwaggo take nannaɗewa a jikin tumbi, da hantar da ake fara miƙa wa Baba a faranti, da ƙanzon da ke kwantawa a gindin tukunya muna rububi. Sai kuma bayan wata biyu, an manta da Sallah, ku buɗe kwalla ku ciro tsoka biyu ku jefa a garau-garau. Na gwada yau a ɗan kaskona da man gyaɗa, ƙararrawar hayaƙi ta motar ta hau ihu. Na barbaɗa yajin da kuka ƙullo mini, saura kaɗan a leda, na ci ina hawaye.

Jiya mun yi azumin Arfa. Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe 10, kuma daren bai yi duhu ba har asuba. Da yamma wasu ƙwari ƙanana, ba su kai sauro ba, suke tasowa kamar hayaƙi, dole mu rufe taga. Amma kyau kam akwai, ruwa yana zubowa daga kowane dutse, fari tas. Na yi ta cewa da Inna ta gani.

A gaida Baba, a ce ya rage tsayuwa a rana wajen fiɗa. A gaida Kawu da iyalinsa, da Yaya Babba. Hajiya Kaka kuwa a zauna kusa da ita a karanta mata wannan da ƙarfi, ta kunnen dama. A ce mata ina sa man zafin da ta ba ni, ban daina addu'ar shiga mota da ta koya mini ba, kuma a daka mata naman a turmi, kada ta ce za ta iya. Na ga bargon ulu na saya mata. Auta ya turo mini hoton kayan Sallarsa, goronsa yana hannun Yaya. Maƙwabta duka.

Inna, ku ɗebe mini rabona a ƙaramar kwalla, ku rufe da kitse sosai. In Allah ya so muna tafe a Disamba.

'Yarku