Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Koyon Ɗaukar Hoton Mutane A Fili

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Saƙonka ya iso, hotuna shidan da ka turo ta wayar ƙanwarka kuwa na sa tabarau na dube su ɗaya bayan ɗaya har sau uku. Ka ce a zangon nan an ɗora muku aikin ɗaukar siffar jikin mutum a waje, gindin dutse ko bakin ruwa ko cikin gona, ba cikin situdiyo ba, kana tambaya ta ina za ka fara. Na ji daɗin tambayar. Shekara 22 na yi ina ciyar da ku da kyamara kafin ido ya gaza, don haka ka zauna ka karanta a natse.

Hotunanka shida, biyar da rana tsaka ka ɗauke su. Ban tambaye ka ba, inuwar ce ta gaya mini. Dubi abokin nan naka da ke tsaye a kan dutsen Kufena: idanunsa sun zama ramuka biyu, goshinsa yana ƙyalli, inuwar hancinsa ta sauka a kan leɓe. Ba laifin kyamara ba ne. Rana idan ta hau tsakiyar ka ba ta yi wa fuskar kowa adalci. Lokacinka biyu ne, daga fitowar rana zuwa ɗagawar hantsi, sai kuma la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. A lokutan nan haske yana zuwa ne a kwance, yana shafar jiki daga gefe, shi ke fito da kafaɗa da damtse da ƙashin muƙamuƙi, har mai kallo ya ji kamar zai iya zagaya mutumin. Idan dole ta sa ka aiki da azahar, ka kai mutuminka bakin inuwa mai kauri, irin ta tsamiya ko mangwaro, ya fuskanci fili. Kada ka sa shi inda haske ke tsiyaya ta tsakanin ganye, zai fito dabbare-dabbare. Kada kuma ka raina hazon hunturu. Mutane suna ƙorafi da shi, ni kuwa mafi kyawun hotunana a cikinsa na yi su, domin yana tace rana ta yi laushi, ya kuma ɓoye tarkacen da ke nesa. Sai dai ka riƙa rufe kyamara a jaka, kada ka sauya gilashinta a cikin iska, ƙura ba ta da tausayi.

Akwai wani abu da littattafan da ake kawo muku daga waje ba sa tsayawa a kansa sosai, wato baƙar fata. Zamanin fim, kamfanin Kodak yakan ba masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi a inji. Kyamarar yau ta fi ta da nesa ba kusa ba, amma har yanzu ma'aunin haskenta neman tsaka-tsaki yake yi. Mutum ya sa farar shadda ya tsaya a rana, sai ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, riga ta yi kyau fuska ta nutse. Ka auna haskenka daga kumatunsa, ko ka ƙara hasken mataki ɗaya da hannunka. Ka riƙa tafiya da farin ƙyalle yadi biyu, wani ya riƙe maka shi ta ɓangaren inuwa ya mayar da haske kan fuskar. Da zanin gadon innarka na yi wannan aiki shekara da shekaru, bai kuwa taɓa ba ni kunya ba.

Kafin ka dubi mutum, dubi bayansa. A hotonka na huɗu giginya ta tsiro daga tsakiyar kan yaron, layin da ƙasa ta haɗu da sama kuma ya yanke masa wuya. Taku biyu zuwa hagu da ɗan durƙusawa sun isa su gyara duka. Ka ja da baya ka yi aiki da gilashi mai lamba 50 ko 85, don gilashi mai ɗauko fili da faɗi idan ka matso yana kumbura hanci ya ƙanƙance kunne. Ka riƙe kyamara daidai ƙirjinsa ko ƙugunsa, idan ka ɗauko daga sama ƙafafunsa za su gajarce. Kada ka yanke hoto a gwiwa ko gwiwar hannu ko wuyan hannu.

To amma duk wannan ana koya cikin wata uku. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin yadda jiki ke magana. Kada ka ce wa mutum ya tsaya kaza, ya sa hannu kaza, zai sandare maka kamar an kafa turke. Je ka inda jiki ke aikinsa. Makiyayi da ya gicciya sanda a kafaɗa ya rataye hannuwa a kanta, masunci a daidai lokacin da birgi ya bar hannunsa ya buɗe a sama, manomi da ya miƙe daga kunya ya dafe ƙugu, ɗan kokawa yana ɗibar ƙasa kafin a kama. Babu malamin da zai tsara maka tsayuwa irin waɗannan. Ka zauna ka kalli aikin sau goma ba ka taɓa kyamara ba, har ka san inda motsin ke kai ƙarshe ya ɗan tsaya kafin ya dawo. Nan ne wurin dannawa.

Ka nemi hotunan Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin aikinsa a 1948. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, ya rataya ƙyalle a baya, ka ga yadda yake ajiye hannun mace a kan cinya ko kujera, da yadda rigar kanta ke nuna zaman jikin da ke ciki. Ka nemi na Malick Sidibé, shi ma na Bamako, wanda ya riƙa bin samari bakin kogin Neja ranar Lahadi a shekarun 1970, aka kuma ba shi babbar lambar yabo a birnin Banis na Italiya a 2007. Abin lura a hotunansa, ba wanda ke ɗari-ɗari da shi, domin sun san shi, shi ma ya san su. A ƙasarmu kuma ga J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda daga 1968 ya ɗauki kitson mata kusan dubu, da yawa daga ƙeya. Wuya da kai kawai, amma sai ka ga mutum sukutum.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuta da hannuna maimakon in kira ka. A makarantun zane na Turai tsohuwar al'ada ce a tuɓe mutum a zana shi ko a ɗauke shi hoto, suna kuma kiran hakan fasaha. Za ka gani a littattafai, wataƙila wani ya ce maka ba ka zama gwani sai ka bi ta nan. Ba na so, ban kuma yarda ba. Ka san iyakar al'aura tun kana makarantar allo, kyamara ba ta ɗage ta ba. Kuma ba ka yi asarar komai ba, don iska idan ta bugi babbar riga ko mayafi a kan tudu tana zana jiki fiye da yadda kake zato. Kada ka ɗauki 'yar mutane ku shiga daji ku biyu da sunan aikin makaranta, ko da ita ta nema. Ta zo da yayanta ko ƙawayenta, a gida kuma a san inda take. Yara masu wanka a rafi, kau da kyamararka gaba ɗaya.

Ina da dalili. Ina saurayi na taɓa ɗaukar wata mata tana wanki a bakin rafi da hantsi, ba ta sani ba. Ba abin da ya bayyana a jikinta, haske ne kawai ya kwanta a hannuwanta ya burge ni. Na wanke hoton na liƙa a allon ƙofar shago. Kwana huɗu dangin mijinta suka gani. Ba ni aka tuhuma ba, ita aka tuhuma, aka ce yaushe ta san mai hoto. Na je da dattijai biyu na rantse, na ƙone hoton da nagatif ɗinsa a gabansu, amma ta riga ta kwana uku a gidan iyayenta tana kuka a kan abin da ba ta ji ba ta gani ba. Har yau idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ni na iya ƙone nawa. Naka idan ya hau intanet, wace wuta za ta ci shi?

Saboda haka ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara, ka faɗa wa mutum inda hoton zai je, malami ne kaɗai zai gani ko bango za a rataya ko Instagram za a sa. Ka nuna masa abin da ka ɗauka, wanda ya ce a goge ka goge a gabansa, ko shi ne mafi kyau a cikinsu. Idan ƙauye ka shiga, fara da gidan mai unguwa, ka gaisa ka faɗi abin da ya kawo ka. Shi ne kuma zai gaya maka dajin da ba a shiga a wannan zamani da muke ciki, ka ji maganarsa, kada magariba ta same ka a hanya. Wanda ya bar aikinsa ya tsaya maka, ka biya shi lokacinsa, sannan ka koma masa da hotonsa a takarda. Mutane da yawa an ɗauke su an tafi, ba su taɓa ganin fuskarsu ba.

Hotonka na shida, na tsohon nan mai saƙar igiya a gindin gawo, ya yi kyau ƙwarai. Ka jira har ya manta da kai, hannuwansa sun nuna. Ka wanko mini shi babba, ka wanko masa nasa. Tsohon gilashina mai lamba 50 yana cikin akwatin ƙarfe, na goge shi na naɗe, kawunka zai taho maka da shi ranar Asabar tare da ƙuli-ƙuli da yajin da innarka ta daka. Ka tambayi masu gyara ko akwai zoben da zai haɗa shi da kyamararka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a duk inda ka sa ƙafa.

Mahaifinka.