Dokar kare yara ta samu, saura masu aiwatar da ita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin gwamnatocin jihohinmu da ƙungiyoyin da ke fafutukar kare haƙƙin yara zuwa ga wasu ma'aikata da ba kasafai ake tunawa da su ba, wato jami'an walwalar jama'a, waɗanda nauyin kula da yaran da suka rasa gata da iyalan da suka tarwatse ya rataya a wuyansu.

Tun a 2003 Najeriya ta kafa Dokar Kare Haƙƙin Yara, amma da yake ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta amince da ita, an daɗe ana kai ruwa rana a yawancin jihohinmu, musamman kan shekarun aure da batun riƙon yara da yadda za a daidaita su da Shari'a. Kaduna ta yi tata dokar a 2018, Katsina a 2020, Kano a watan Mayun 2023, Bauchi kuma ta zo ta ƙarshe a ƙarshen 2023. Malamai da lauyoyi da ƙungiyoyin mata da suka yi wannan doguwar gwagwarmaya sun cancanci yabo. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba.

Idan aka tsinci jariri a bakin kwata, ko yarinya 'yar aikatau ta gudo daga gidan da ake azabtar da ita, mai unguwa ko 'yan sanda ko Hisbah ne ke fara karɓar maganar, amma aikinsu yana da iyaka. Jami'in walwala shi ne zai binciko asalin yaron, ya nemo danginsa, ya duba ko gidan da za a mayar da shi ya dace, ya rubuta rahoton da alƙali zai dogara da shi, sa'an nan ya riƙa komawa yana duba halin da yaron yake ciki. Wannan aiki ne na tafiya ƙauye-ƙauye da zama da mutane, kuma ba ya yiwuwa sai da abin hawa da mai da kuɗin waya da ɗakin da za a saurari yaro cikin sirri. Duk wanda ya taɓa raka wani ofishin walwala na ƙaramar hukuma ya san cewa a wurare da dama waɗannan ƙananan abubuwa ne suka gagara, har ta kai wanda ya kawo ƙara shi ake roƙo ya biya kuɗin motar zuwa bincike.

Mun ga sakamakon haka. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum fiye da 300, da yawansu yara, daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, daga baya kuma aka rufe irinsa a Daura da wasu garuruwa. An yi Allah-wadai, kuma ya dace a yi. Amma mafi yawan waɗanda aka samu a ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, domin ɗa ya kangare ko ya faɗa shaye-shaye kuma ba su san wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa ba. An rufe gidajen, matsalar da ta cika su kuwa tana nan. Haka a 2020, lokacin annobar korona, gwamnoni suka yi ta jigilar almajirai zuwa jihohinsu na asali, alhali sauke yaro a garinsu somin-taɓi ne kawai matuƙar ba a bi shi gida an ga abin da ya fitar da shi tun farko ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara 6 cikin 10 suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai 5 cikin 100 ba.

Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da masu fafutuka za su karkata zuwa ga kasafin kuɗi. Su je majalisun jihohi lokacin kare kasafi su tambayi nawa aka ware wa ma'aikatun mata da walwalar jama'a, nawa aka saki, kuma jami'ai nawa aka ɗauka aiki tun bayan sa hannu a kan dokar. A 2022 an yi dokar kafa hukumar da za ta tsara sana'ar aikin walwala a ƙasa, don haka babu dalilin ci gaba da tura duk wanda aka rasa inda za a ajiye shi zuwa wannan sashe. Ƙungiyoyin agaji ma, da ba na raina ƙoƙarinsu, su rage tarukan bita a otal-otal, domin kuɗin taro guda zai iya sayen babura ga ofisoshi da dama.

Akwai kuma abin da muke da shi tun kaka da kakanni, wato riƙo. Maraya a hannun kakarsa ko gwaggonsa ya fi samun natsuwa a kan gidan marayu, amma a wannan tsadar rayuwa dangi da yawa suna son riƙon, hali ne babu. Da hukumomin zakka da waƙafi za su haɗa hannu da ofisoshin walwala, su riƙa ba irin waɗannan gidaje ɗan tallafi duk wata, jami'i kuma yana leƙawa domin kada riƙo ya rikiɗe ya zama bauta, da an rage yaran da ke kwana a tashoshin mota.

Daga gare ka kuma, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilanka ofisoshin walwala na ƙananan hukumomi da kotunan iyali da dokokin suka tanada, su kawo mana rahoton waɗanda ke aiki da waɗanda har yanzu ba a buɗe ba, jiha bayan jiha.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Zariya