Hutun Disamba a Jos: Kira ga Iyayen Ƙananan Yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu yi magana da iyaye 'yan'uwanmu kan hutun ƙarshen shekara, musamman mazauna Jos da masu kawo mana yara ziyara daga Kano, Zariya, Bauchi da Abuja.

Abin da ke damunmu shi ne, yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya fi shiga hatsari a lokacin da gida ya cika da mutane. Lokacin makaranta kowa ya san aikinsa. Da an ba da hutu, baƙi sun sauka, ga goggo ga kawu ga 'yan mata a madafa, sai uwa ta ɗauka yaron na wajen yayarsa, yayar kuma ta ɗauka yana wajen kaka. Taron tsintsiya ba shara. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: a ambaci sunan mutum ɗaya babba, a ce wane, Amira na hannunka daga yanzu zuwa azahar, in zai tashi ya danƙa ta ga wani baki da baki. Yarinya 'yar shekara bakwai ba ta kai a bar mata goyo ita kaɗai ba, komai hankalinta.

Sai sanyi. Jos na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 12 cikin dare. Baƙon da ya taso daga Abuja da rigunan shan iska zai sha mamaki a daren farko. Ga yaro, riguna marasa kauri guda uku sun fi ƙatuwar rigar sanyi guda: singileti, riga mai dogon hannu, sannan suwaita a sama, da hula da safa. Dalili kuwa, da hantsi ya ɗaga gari kan yi ɗumi, yaro ya yi ta guje-guje ya jiƙe da gumi, in iskar yamma ta buga shi a haka sanyin ya fi kama shi. Riguna uku ana iya cire ɗaya a mayar. A riƙa taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa don a gane ko ya ji ɗumi, domin tafin hannu da ƙafa kullum sanyi gare su. Jariri kuma a kwantar da shi rigingine, bargo ya tsaya a ƙirji, kada ya rufe fuska.

Wanka a bari sai rana ta fito sosai, wajen sha ɗaya zuwa sha biyu. A fara zuba ruwan sanyi a baho sannan a sirka da na zafi, ba akasin haka ba. Yara da yawa sun ƙone ne a 'yan daƙiƙun da uwa ta juya ɗebo ruwan sirki ta bar tafasasshe a ƙasa. A gwada da gwiwar hannu. Ana fitowa a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki da sauran danshi, a leɓe da dunduniya da bayan hannu inda kaushi ke farawa. Man zafi da kafur ba na hancin jariri ba ne, suna iya tsananta masa wahalar numfashi. In busasshiyar iska ta sa yaro haɓo, a zaunar da shi ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan ɓangaren hanci minti goma ba sakewa. Ɗaga kai sama da aka saba yi jinin kawai yake turawa maƙogwaro, yaro ya haɗiye ya yi amai.

Babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne garwashi. Malam Edita, don Allah a buga wannan da babban baƙi: kada a kwana da kurfoti ko kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Mutane kan ce ai hayaƙin ya ƙare, garwashin ya yi ja, babu komai. A lokacin ma yana ci gaba da fitar da ita. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mai barci kuma ba ya farkawa ya ce ga abin da ke damunsa. Jarirai da masu juna biyu ta fi saurin kayarwa. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri da tashin zuciya gaba ɗayansu, ko yaro ya yi laushi ya ƙi farkawa, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a nufi asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. Hukuncin janareta ɗaya ne: ba a zaure ba, ba a baranda ba, ba a gindin taga ba. Ɗakin maijego ma bai fita daga wannan ba, duk da mun san al'adar ɗumama ta da wuta tsohuwa ce kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Wanda ke son ɗumama shimfiɗa ya cika gora da ruwan ɗumi, ya rufe ta gam, ya naɗe da zane ya sa cikin bargo, ya cire kafin a kwantar da yaro.

In ƙuna ta auku, ruwa mai sanyi ake kwarara wa wurin har minti 20, a cire awarwaro ko zobe kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja da gishiri duk ƙara ɓata ciwon suke yi, su kuma wahalar da ma'aikacin da zai wanke. Ƙunar fuska, ta hannu, ta al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun yaron faɗi, ta asibiti ce. Haka kananzir da ake zubawa a robar lemo a ajiye a bayan ƙofa. In yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a baki, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, domin aman ne ke kai kananzir ɗin huhu.

Mura da tari ba makawa a hunturu, yawancinsu kuma suna wucewa da ruwan ɗumi, nono da hutawa. Abin lura shi ne numfashi. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, a ƙirga ɗagawar ƙirjinsa minti ɗaya cur da agogon waya. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, numfashin ya yi sauri kuma yana iya zama ciwon huhu. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko ya yi jijjiga, ba a jiran gari ya waye. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓi kowane iri na asibiti ne. Parasitamol da nauyin yaro ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo. Ruwan maganin da aka fi samu yana da miligiram 120 a cikin mililita 5, wato yaro mai kilo 10 mililita 5 zai sha, a bar aƙalla awa huɗu zuwa shida tsakani, kada a wuce sau huɗu a kwana guda. A yi amfani da murfin awo, ba cokalin shayi ba. A kuma karanta jikin kwalbar maganin mura, da yawansu akwai parasitamol a ciki, sai a ba yaro ninki biyu ba a sani ba.

Hutu lokacin biki ne da ciye-ciye, don haka gudawa ba ta nisa. Kowane gida ya ajiye fakitin ORS (garin haɗa ruwan gishiri da sukari) da ƙwayar zink. A duba fakitin a ga ko na lita ɗaya ne ko na rabin lita. Ledar fiya wata mai santilita 50 guda biyu ita ce lita ɗaya. In babu fakiti, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. In gishirin ya yi yawa, illa ne. Ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace fita, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zink kuwa miligiram 20 ne kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba, kuma a ƙarasa ko da gudawar ta tsaya a rana ta biyu. Gyaɗa, aya, gugguru da dabino mai ƙwallo a nisanta su da 'yan ƙasa da shekara huɗu, musamman suna cikin gudu ko dariya.

Ba muna cewa a kulle yara a ɗaki ba ne. Jos na da wuraren da iyaye ke wucewa kullum ba su taɓa shiga da 'ya'yansu ba. Gidan tarihi da aka buɗe a 1952 na ɗauke da sassaƙen yumɓu na Nok, ga gidan zu a gefensa, ga filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Akwai kuma gandun namun daji da aka kafa a 1972. Wuri ɗaya ya isa a rana. A fita wajen goma bayan an karya, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi, don ɗan shekara uku ba ya jure fiye da awa biyu zuwa uku yana tafiya. A ɗauki ruwa, dafaffen dankalin Turawa ko ƙwai, ayaba da kayan canji. Kafin a bar gida a ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, a rubuta lambar wayar uba a takarda a sa masa a aljihu. Kada a bar shi ya miƙa wa biri abinci ta cikin wayar keji. Cizo ko yaƙushin biri ko kare, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti ranar saboda ciwon haukan kare.

Inda ba mu yarda a kai yara ba shi ne kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajajen Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi. Ruwansu kwance yake luf, amma gaɓarsu a tsaye take, ƙasansu laka ce, ga zurfi ga sanyin da ke ƙame gaɓɓai. Yaran unguwa kan ja baƙo su ce a je kallo. A gaya wa baƙon yaro wannan tun ranar da ya sauka. A cikin gida ma rijiya ta samu murfi mai kwaɗo, bokiti da baho a kife su, domin mai rarrafe na iya nutsewa a ruwan da bai kai kamu ɗaya ba, kuma ba ya ihu.

Sauran ranakun zaman gida, a tsare lokacin barci da na abinci yadda suke. Ɗan shekara 3 zuwa 4 na bukatar awa 10 zuwa 13 na barci, kuma yawancin rigimar yamma gajiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a gaban waya ko talabijin a yini. Abin da zai maye gurbin wayar na nan a gida: ɗan shekara huɗu zai iya tsince wake, ya wanke karas da aka sayo a Farin Gada, ya jera takalma. Da dare kaka ta yi musu tatsuniya.

Masu tafiya kuma, hazo kan rufe hanya da asuba, don haka a bari gari ya waye. A biya wa yaro kujerarsa a baya maimakon a ɗora uku a cinya ɗaya, kada kuma a zauna gaban mota da goyo. Kwanonin Hawan Kibo na tayar wa yara zuciya, saboda haka a ba su abu mara maiƙo kafin a tashi, a riƙe leda da tsumma a kusa, jariri a sa shi a nono yayin gangarowa don kunnensa ya buɗe. Kafin a kai Akwanga an shiga zafi, a cire suwaita da hula. A tsaya duk bayan awa biyu. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa kuma 112. A saka gidan sauro da katin rigakafi a jaka, ko da masu masauki sun ce ai yanzu babu sauro. Zazzaɓin cizon sauro kan ɗauki mako ɗaya ko fiye kafin ya bayyana, wato yana iya tashi bayan an dawo Jos ana shirin komawa makaranta. In hakan ta faru a gaya wa ma'aikacin lafiya garin da aka je da ranar da aka dawo, a kuma nemi gwajin jini kafin a fara magani.

Wassalam.

Daga wasu iyaye, malaman makaranta da ma'aikatan jinya,
Jos, Jihar Filato.